Ku Kashe Wuta!

Duk gidan da bai iya tattalin wutar lantarki ba, rushewarsa na nan tafe. Wannan maganar Injiniya ce, kuma ya cancanci a saurare shi, domin ya taɓa tsaron shagon sayar da ƙwan fitila na 'yan makonni, kafin mai shagon ya gane kuskurensa.

Tun daga nan sunan ya bi shi. To, in za a faɗi gaskiya, shi ya bi sunan da gudu har ya kamo shi.

"Ni fa da ido nake auna wuta," in ji shi, yana tsaye a bakin ƙofar benen da suke haya, hannu a ƙugu. "In na kalli ƙwai sau ɗaya, na san abin da yake ci, na san abin da yake ɓoyewa. Ku ba ni mukullin akwatin mitar nan ku sha kallo."

Bari in fahimtar da kai, abokina. Mita ɗaya ce ta haɗa duk 'yan hayar gidan, kuma ran Asabar za su zauna su zaɓi wanda zai riƙe mukullinta, ya riƙa tsawata wa masu ɓarna. Injiniya yana son mukullin nan har cikin ransa. Ya riga ma ya sayi igiyar da zai rataya shi a wuya.

Nas ɗin da ke hawan ƙasa ta ce, "Fara nuna mana a ɗakinka tukuna."

Sai ya fara.

Matarsa ta yi ƙoƙari. "Baban yara, ba sai ka wahalar da kanka ba. A kashe abin da ba a amfani da shi, a zare caja in waya ta cika, a sa ƙananan ƙwayayen nan marasa ci. Na matattakala dai a bar shi, mutane na hawa da dare."

"Wannan tattalin 'yan koyo ne," in ji Injiniya. "Ni a tushe nake kama abu."

Tushen farko firiji ne. Ya ce shi ma yana da haƙƙin barci kamar kowa, ya zare shi da yamma. Da gari ya waye, ruwa ya malale kicin, naman da ke ciki kuma ya fara gaida baƙi tun daga ƙofar falo.

"Alamar injin ya huta ke nan," in ji shi.

"Naman ma ya huta," in ji matar.

Tushe na biyu, ya kwance ƙwan barandar ciki. Ya tara yaransa ya yi musu lacca, wai ido ɗalibi ne, in ka matsa masa sai ya koya. A daren ne ƙaurinsa ya gamu da teburin falo, gamuwar da har hawa na biyu aka ji labarinta.

"Wa ya matsar da teburin nan?"

"Tun da muka tare yake nan, Baban yara."

"Ya matsa!"

Mai hankali da nan zai tsaya. Injiniya kuwa sai ya ga lokacin faɗaɗa aiki ya yi. Ana gobe taro, ya hau kujera ya kwance ƙwan matattakalar da kowa ke bi, ya zura shi a aljihun baya na wandonsa, don ya nuna wa taro a matsayin shaida.

Direban da ke hawa na biyu ya tsaya yana kallonsa. "Injiniya, ɓarawo fa? Duhu ai katin gayyata ne."

"Haba direba, yi tunani mana. Ɓarawo ma da ido yake aiki. In bai gani ba, me zai ɗauka?"

Duk da haka, don a san shi ba ya wasa da tsaro, ya samo igiya, ya jera mata gwangwanayen madara, ya ɗaure ta a gicciye a tsakiyar matattakala. Ya raɗa mata suna na'urar tsaro mara lantarki. Bai gaya wa kowa ba, wai sirrin tsaro ne. Ya tsallake ta a hankali, ya sauka zuwa kemis don sayo man zafi, saboda ƙaurin nan bai daina yi masa magana ba.

Ya dawo yana ɗingishi, yana bitar jawabinsa na gobe, sai ya ɗaga kai. Tagar falonsa tar, kamar filin ƙwallo. Matarsa ce ta kunna fitila tana goge masa rigar da zai sa a taro. Shi bai ga riga ba. Mukulli ya gani yana ɗaga masa hannu yana tafiya.

"Wuta!" Ya ƙwalla ihu daga tsakar gida. "Wuta a ɗakina! Ku kashe wuta! Ku kashe ta kafin ta cinye mu!"

Ni da kai mun san wutar da yake nufi. Maƙwabta ba su sani ba. Laifin harshe ne, da ya ba abu biyu suna ɗaya ya yi tafiyarsa.

Ƙofofi suka fara buɗewa. Bokitai suka fara ƙara. Injiniya kuwa ya manta da ɗingishi, ya manta da komai, ya afka matattakala a guje. Na'urar tsaro mara lantarki ba ta manta da aikinta ba. Ta kama shi a daidai ƙaurin, ta juya shi, ta zaunar da shi da ƙarfi, gwangwanaye suka ɗauki kiɗa.

"Ɓarawo!" in ji direba daga sama.

"Wai wuta ce ko ɓarawo?" in ji telan da ke maƙwabtaka da direban.

"Duka biyun! Watsa kawai!"

Da yake babu mai ganin ko tafin hannunsa, sai kowa ya watsa ruwansa inda ya ji ƙara.

"Ni ne! Wayyo, ni ne Injiniya!"

"Ƙarya kake, ɗan iska! Injiniya yana gani a duhu!"

Waɗanda ruwansu bai ƙare ba suka bi ta kansa, a zahiri, suka nufi falon. Matar ta ji ana wuta wuta, ta zare dutsen guga ta buɗe ƙofa. Kafin ta ce lafiya, bokitin tela ya riga ya tashi sama. Na direba ya bi shi. Kujerun falo suka sha, rigar taro ta sha, teburin da ake zargi ma ya samu rabonsa.

"Ina wutar?" in ji tela yana haki.

"Wace wuta?"

"Wadda maigidanki yake ihu a kashe!"

Ta dube su, ta dubi kujerunta. Sannan ta ɗaga yatsa a hankali ta nuna ƙwan da ke rataye a silin.



Nas ce ta hasko matattakala da fitilar wayarta. Ga Injiniya zaune a jiƙe sharkaf, igiya a wuya, gwangwanaye sun yi masa sarƙa.

"Tashi mana, Injiniya."

"Ba yanzu ba," ya ce da ƙaramar murya. "Shaidar ta fashe."

A wurin da ta fashe kuwa, ba wurin da ake nuna wa maƙwabciya ba ne sai dole. Dolen ta zo.

Washegari ya halarci taro a tsaye, wai don girmama jama'a. Ya gyara murya ya ce, "Duk da abin da ya faru, kowa shaida ne na'urar ta yi aiki."

"Ta yi," in ji direba. "Wa ta kama?"

Da aka zo zaɓe, hannu ɗaya ne ya tashi don Injiniya, nasa, shi ma bai miƙe sosai ba saboda kafaɗar da ya buge a matattakala. Aka miƙa mukullin ga matarsa. Kafin a watse ta sa ƙaramin ƙwai a matattakala, ta ce kada wanda ya taɓa shi, ko da injiniya ne.

Kujerun falon kuwa, fankokin maƙwabta aka aro don busar da su. Suka yi ta juyi dare da rana har mako ya zagayo.