Mashin ɗin Waliyyu

Magaji taubashina ne, ɗan gwaggona, kuma tun kafin furfura ta same mu na gama da shi. Wata shekara ya rantse mashin ɗin da ya gyara zai kai ni kasuwar Jega, ni da buhun albasata. Ko nisa da Aliero ba mu yi ba mashin ɗin ya mutu. Ya ce in sauka, na ce ai ba ni na yi rantsuwa ba. Haka ya tura mu, ni da buhun, har cikin gari. Tun ranar nake ce masa Tura.

Yanzu yanar ido ta ci ƙarfinsa, da yatsu yake aiki. Duk da haka shi na kai wa mashin ɗin ɗana Waliyyu, Allah ya jiƙansa, mashin ɗin da ya daɗe jingine a zaure. Jikana Abdulwahab, ɗan marigayin, ya ce in mashin ɗin bai tashi yau ba, masu sayen gwangwan za su zo bayan la'asar su ɗauke shi. Magaji ya kwance injin kaf, ya sa sabon fistin da ringi, ya mayar. Da hantsi na same shi a rumfarsa a Jiga Makera.

"Lahiya lau, Hindu. Ina gajiya?"

"Gajiya tana wurinka, Tura. An ce tun jiya kake fama."

Ya danna sitata. Injin ya juya da ƙyar, ƙurr, ƙurr, kamar tsoho zai tashi daga tabarma, ya tsaya.

"Wanga nishin, naka ne ko nashi?"

"Nashi ne. Nawa sai na gan ki yake zuwa."

"Kai da ba ka gani?"

"Muryarki ta wadatar."

"To tura shi mana, ai sana'arka ce."

"Kik ɗinsa ya karye tun mai shi na da rai, kuma jikanki ya ce ba ya son mashin na turi. Sai ya tashi da kansa."

"Batir ne. Ko ni da ban san komi ba sai daka na san wannan."

"Sabo ne." Ya danna hon, kajin maƙwabta suka watse. "Kin ji? Ya kusa kamo ki a ƙara."

"To ka ɗaure injin tamau, yadda kake ɗaure bakin aljihunka."

Ya cire fulogi, ya sa sifana ya juya injin da hannu, ya tafi sumul. Ya sake danna sitata babu fulogin, nishin dai bai canja ba.

"Ba cikinsa ba ne," in ji shi. "Wuta ce ba ta isa. Zo ki danna mini nan, in kin iya abin da ba zagi ba."

"Yau bawa ke aiken uwargijiyarsa?"

"Danna, Hindu. Rana na tahiya."

Na dubi inuwa, na ga ta janye. Na danna. Shi kuwa yana bin wayoyi da yatsu, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai jan carbi. Can ya fizge hannu.

"Wagga ta yi zahi." Ya bi ta har inda noti ya danne ta a jikin ƙarfe. "Mi ne ne wanga mai laushi?"

Na duƙa. Igiyar layar Waliyyu ce, fata, ta shiga tsakanin bakin wayar da ƙarfen. Ni na karɓo masa layar daga Birnin Malam ranar da ya sayi mashin ɗin.

"Kai ka ɗaure ta nan!"

"Ke kika tsaya kaina, sai an maida ta inda take."

"Na ce kusa da batir. Ban ce ka cusa masa ita a maƙogwaro ba."

"Wayar sai ta taɓa ƙarfe tsura. Laya kam sai ta tashi daga nan."

"Ba za ta bar mashin ɗin nan ba, Magaji."

Ya ɗago kai. Rabon da in kira shi da sunansa har na manta.

"Wa ya ce za ta bar shi?"

Ya kwance notin, ya kankare wurin da wuƙa har ya yi fari, ya ɗaure wayar. Layar kuwa ya ɗaura ta a kan mashin, inda hannun mai tuƙi yake. Ya mayar da fulogi, ya yi bismillah, ya danna.

Tashi ɗaya.

Wannan ƙarar na san ta. Ita nake ji daga bayan gari in ɗora ruwan tuwo, in ce Waliyyu ya dawo daga gona. Na juya baya, na kwance bakin zane, na miƙa masa goro ba tare da na dube shi ba.

"Karɓi. Aikin banza dai, duk hayaƙi. Ga shi ya cika mini ido."

Magaji ya karɓa, ya goge fuska da hannun riga.

"Ƙyale shi, Hindu. Nawa da ba su gani ma ya cika su."