Ranar da Na Yi wa Hansai Wa'azin Maraya

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a Sharaɗa ba, ko da tsufa zai kwashe mini sauran ranakun. Farkon shekarun 1980 ne, ina sabuwar fitowa daga kwalejin horon malamai mata, ina ɗauke da satifiket da kuma tabbacin cewa babu abin da ya rage ban sani ba. Da safe ina firamare, da la'asar kuma ina koyarwa fisabilillahi a wata Islamiyya, rumfar kwano a bayan masallacin ma'aikatan masaƙa. Yara a gaba, matan ma'aikata a baya, kowa a tabarma. In jiniyar kamfani ta yi kuka sai mu dakata ta gama, don ta fi ni murya.

Akwai wata yarinya Rabi, 'yar shekara tara, mai kai kamar soso. Tare suke zuwa da Hansai, matar wani masaƙi da suka taso daga wani ƙauye wajen Ringim. Na tambayi Rabi labarin gida, ta ce, "Inna ta rasu, shi ne aka kawo ni wurin Yaya."

Daga nan na sa ido, abin da na gani kuwa bai yi mini daɗi ba. Hansai ba ta taɓa kiran sunan yarinyar nan ba, sai dai "ke". In Rabi ta tashi biya karatu, kowa na "Masha Allah", ita sai ta juya fuska ga bango. Ran da Rabi ta faɗi ta ƙuje gwiwa, Hansai ko motsi, sai tsumma ta miƙa wa wata ta ɗaure mata. Na ce a raina, to, ga marainiya a hannun mai busasshiyar zuciya, ga ni kuma Allah ya kawo ni.

Kwana uku ina shiri. Na tattaro ayoyi da hadisai kan haƙƙin maraya, na rubuta a littafin shirin darasi har da "manufa" da "kammalawa" (a kwaleji an koya mana ko zunubi za ka yi, ka tsara shi). Ranar Laraba na zuba wa'azi har ni kaina na ji tausayi. Da na tsaya nan, da an rabu lafiya. Amma ina!

"Hansai, tashi tsaye."

Ta miƙe.

"Me yarinyar nan ta yi miki? Ki ji tsoron Allah. Da mahaifiyarta na raye, za ta so ganin haka?"

Sai Iya Tabawa, dattijuwar da ke sayar da ƙosai a ƙofar masaƙa, wadda ta shigo ajinmu don gyara Fatiharta, ta yi gyaran murya.

"Malama 'yar nan, ai uwar ce kika tsayar."

"Wace uwar?"

"Wadda ta haife ta mana. 'Yar fari ce. Kakar ce ta rasu. Ku a makarantar taku ba a koya muku kunya ba?"

Wallahi da ƙasa ta tsage, da na shiga ban ko ɗauki takalmi ba. Kunyar ɗan fari na san ta, har maki na ci a kanta a jarrabawar Hausa. Ga ta zaune a gabana wata huɗu, ban gane ta ba. Hansai ta ja mayafi ta rufe fuska ta fita.

Asabar ba ta zo ba, Lahadi ba ta zo ba, Rabi ma haka. Na kori ɗalibai biyu da hadisi. Ran Litinin na roƙi Iya Tabawa ta raka ni. Muka sami Hansai a tsakar gidan haya tana tankaɗe. Na durƙusa na ba da haƙuri, wannan karon ba shirin darasi.

Ta ci gaba da tankaɗenta. Can ta ce, "Malama, ba fushi na yi ba, nauyi nake ji. Ni fa karatun nan ba ya shiga kaina sosai. A gida ba ni da bakin cewa yarinyar ta karanta in ji. A can kuwa ina ji."

"To, bangon fa?"

Ta rufe baki da gefen zane. "In na kalle ta, fuskata za ta tona ni."

Iya Tabawa ta ce, "Gobe ki koma. Malamar yarinya ce, ita ma karatu take."

Ta koma. Daga ranar, in Rabi ta kai ƙarshen sura sai in ce ban ji sosai ba, ta maimaita, ni kuma in kafa idona a littafi don kada in ga abin da ba a so a gani. Abin da na koya kuwa, in na ga abin da ban gane ba, mai ƙosai nake fara tambaya kafin in ɗauko hadisi. Ta fi ni karatu, allo ne kawai ba ta da shi.