Gemun Sabon Jini Ya Je Yawon Shan Iska

Duk unguwar Maamobi babu matashi kamar Alhaji Ɗanbala, wanda ake wa laƙabi da Sabon Jini. Shi ne shugaban ƙungiyar matasan unguwa tun ana kallon talabijin marar kala. Waɗanda suka zaɓe shi da farko yanzu jikokinsu ke kai su asibiti, amma shi gemunsa baƙi wuluk, har sheƙi yake yi.

Ga kuma tsoron Allah. Ba a taɓa ganin yana alwala a bainar jama'a ba. Kullum da alwalarsa yake fitowa daga gida, ya riƙe ta gam kamar jakar matafiyi a tashar Tudu. Matarsa Zuera, mai sayar da shinkafa da wake, ita kaɗai ta san kwalbar yomo, baƙin rinin gashi, da ke bayan madubi.

Bana wani Abdul-Majeed, mai gyaran waya, ya ce zai tsaya takara, wai kujerar matasa ta matasa ce. Sabon Jini ya yi dariyar manya. Ya shirya wa ƙungiya yawon bayan Salla zuwa tafkin Akosombo da wata magangarar ruwa, don masu zaɓe su ga ƙuruciya da idonsu.

Da asuba ya yi alwala, ya shafa sabon yomon da ya samo da araha, ya zuba farar shadda, ya kama kujerar gaba a bas.

"'Yan'uwana matasa," ya ce, "yau za ku ga yadda jini ke tafasa!"

A tafki jinin ya tafasa sosai. Jirgin ruwa na tashi ya buɗe lema, ya zauna a tsakiya, nesa da kowane ɗigo. Ya bayyana cewa shugaba ba ya jiƙewa gaban mabiyansa, haka tsarin yake a ƙasashen da suka ci gaba. Da aka sauka ya cinye dokunu, tuwon masara mai tsami, da soyayyen kifi, ya kora da burkina, wato gero da nono mai sanyi.

Tsakanin tafki da magangara kuwa, shugabanci ya yi masa nauyi. Kai ya langaɓe. Minsharinsa ya sa direba ya tsaya ya duba inji.

An isa ana neman azahar. Ruwa na zubowa daga saman dutse, fari tas, ga sanyi. Kowa ya tsuguna yana alwala. Sabon Jini ya wuce gaba zai ja salla, kamar kullum.

"Alhaji, ga ruwa," in ji Abdul-Majeed cikin ladabi.

"Da alwalata tun asuba, yaro."

"Ai ta karye, Alhaji. Ka yi barci har hula ta faɗi. Sherifa ta ɗauka a waya, in kana so ka ji."

"Tunani nake yi!"

"Wallahi tunanin yana da ƙara," in ji Sherifa, ma'ajiyar ƙungiya.

Ya dubi sahu, sahu ya dube shi. Ya naɗe hannun riga, ya tsuguna. Hannu lafiya, baki lafiya, hanci lafiya. Da ya kai ga fuska, sai ƙuruciya ta fara gangarowa: ta bi wuya, ta sauka kan shadda, ta shiga rafi ta nufi teku. Ya ɗago da gemu fari sol, kyakkyawa, irin na limamin Juma'a.

Babu wanda ya yi dariya, sai da aka sallame.

A hanyar dawowa wata yarinya ta karɓi lemarsa ta ce, "Kaka, bari in riƙe maka." Ranar zaɓe aka ba shi kujerar roba a inuwa, tare da dattawa, da ruwan sanyi.

Shaddar ba ta wanku ba. Zuera ta yayyanka ta, da ita take sauke tukunya. Lemar tana kan teburin abincinta. Ragowar yomon ta ba mai gyaran takalma na bakin kasuwar Nima. Ya ce bai taɓa samun baƙi mai kyau irinsa ba, sai dai yana gargaɗin masu takalma su guji ruwa.