Yadda Za Ka Sayi Kiɗan Ƙarfe Bugun Alfarma Ka Ci Gardamar Fada

Kai mai son kiɗan nan na Turawa da ake ce ma metal, wanda mu ke kira kiɗan ƙarfe saboda yadda yake kwankwatsa kunne, matso kusa. Yanzu tsofaffin faya-fayansa ake sake bugawa cikin kwali mai walƙiya, wai bugun alfarma. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin za ka san ko ya cancanci saye. A kan Mushe Mahmudu (Mushe ake ce wa malamin boko a Nijar), malamin lakwal, wato firamare, a Dogon Dutsi, na gwada su, kuma yana nan da ransa.

1. Ka fara samun gardamar da ta fi ƙarfinka

Mai hankali ba ya sayen abin da yake da shi sai da dalili. Mushe Mahmudu yana da tsohon kaset da wansa Gado ya aiko masa daga Sukukutane tun yana ɗan makaranta. A waƙa ta uku, daidai inda mai jita ke haukacewa, sai ka ji guɗa ta tashi, doguwa, mai zaƙi. Shekara talatin Mushe yana rantsuwa cewa mawaƙan sun san Arewa, daga wajenmu suka ɗauko ta. Abdussalamu mai kantin takin zamani kuwa, abokin zamansa a fadar shayi, cewa yake ƙarya ne.

2. Ka sa abin da kake ji da shi a kai

A fadarsu kujera ɗaya ce mai hannu, kuma mai ita shi ake fara miƙa wa shayi. Ta Mushe ce tun da aka kafa fadar.

"In guɗar nan tana cikin sabon bugun, na yi shiru har abada," in ji Abdussalamu. "In babu fa, Mushe?"

"In babu, kujera taka ce. Ni na koma benci."

Haka ake so. Kada ka tsaya tunani, tunani ɓata saye yake yi.

3. Ka yi oda, ka riƙa tare motocin Yamai

Sati shida Mushe yana zuwa tasha har direbobi suka fara gaishe shi da "bai zo ba tukuna." Ranar da kwalin ya iso, a kabu-kabu ya ɗauko shi rungume a ƙirji. Faifai huɗu ne a ciki, da littafin hotunan wasu ƙattai masu gashi har gadon baya, da baƙar riga mai zanen ƙoƙon kai. Rigar nan ka ɓoye ta ƙasan akwati, domin limamin unguwa ba ya bukatar ƙarin aiki.

4. Ka saurara a tsanake, amma ka rufe ƙofa

Wannan matakin Mushe ya tsallake. Ran Asabar da hantsi ya sa abin ji a kunne, ya lumshe ido, ya shiga kaɗa kai sama da ƙasa yadda masu abin ke yi. Sai ga yayarsa Asiya ta sauko daga motar Sukukutane da ƙullin kuka da daddawa. Ta yi sallama uku, shiru. Ta leƙa ta ga ƙanenta, mai furfura, yana fizgar wuya.

"Wayyo Allah, iska ta hau Mamudu!"

Kafin ya ankara ta juye masa rabin buta a ka.

Shi kuwa ba ruwan ne ya dame shi ba. Ya riga ya ji waƙa ta uku a faifan farko da aka wanke sautinsa tas, ya ji ta a na gwaji, ya ji ta a na gaban 'yan kallo, har da wanda babu muryar mawaƙi. Jita na nan, ganga na nan, guɗa ko ɗigo babu. Nan ya san benci ya kira shi.

5. Ka nemi shaida, ko wace iri ce

"Yaya, zauna ki ji wani abu," ya ce yana goge fuska. "Ɓarayin nan sun yanke mafi daɗin wurin."

Ya jona tsohuwar rediyonsa, ya sa kaset ɗin Gado. Asiya ta toshe kunne ɗaya tana yamutsa fuska.

"Wanga kiɗi ne ko maƙera ke faɗa?"

Sai guɗar ta tashi. Asiya ta sauke hannunta a hankali.

"Mayar da shi baya."

Ya mayar. Ta sake ji, ta dafe ƙirji.

"Kai Mamudu, mi kake cewa Turawa? Wagga ai Inna ce!"

Ashe Gado rediyo biyu ya haɗa baki da baki a ɗaki ya kwafi kaset ɗin, don haka duk abin da ya yi ƙara a gidan ya shiga. Ranar kuwa aka kawo labarin Mahmudu ya ci jarrabawar shiga kwaleji, Inna Ajuma ta fito tsakar gida ta rangaɗa guɗa. Shi yana Dogon Dutsi, bai ji ba. Yau shekararta goma sha ɗaya da rasuwa, ko hotonta ɗaya ba su da shi. Mushe ya zauna a ƙasa da jiƙaƙƙiyar rigarsa ya yi kuka sosai, Asiya na taya shi tana dariya tana cewa, "Shekara talatin kana ba Turawa uwarmu!"

6. Ka je fada ka faɗi gaskiya

Da la'asar ya ɗauki rediyon ya tafi. Bai jira an tambaye shi ba, ya ja kujerar ya ajiye gaban Abdussalamu.

"Ka ci. Babu ita a sabon bugu. Mahaifiyata ce."

Ya ba su labari, ya kunna. Mutum bakwai suka jure hayaniyar jita har guɗar ta zo ta wuce. Abdussalamu ya hau kujerar, don gardama gardama ce, ya gyara zama har da miƙe ƙafa. Da aka miƙo masa kofin farko sai ya riƙe shi bai sha ba.

"Allah ya jiƙan Inna," ya ce. Ya miƙa wa Mushe kofin can kan benci. "Sake sa muna wurin nan."

Gargaɗi

To, ya cancanci saye? Mushe ya ce ƙwarai, shi bai taɓa sayen abin da ya yi masa amfani haka ba, ko da yake tun ranar bai sake buɗe kwalin ba. Ni dai ba ruwana da kujerar da ka rasa, ko wuyan da ya ƙage, ko ruwan da aka watsa maka. In ka bi matakan nan ka tarar tsohon kaset ɗinka babu kowa a ciki sai Turawa, kada ka zo wurina, ka je ka tambayi wanka da ya kwafa maka shi dalilin da ya sa ya rufe taga.