Ranar Da Na Jefa Wa Uban Amarya Riga

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na yi wa uban amarya kyautar riga a Anka ba, kuma ko na so in manta mutanen garinmu Gummi ba za su bar ni ba. Har yau in na tuna sai in ji kamar in nemo wanda ya rubuta littafin nan in tambaye shi abin da na tare masa.

Littafin na wani ɗan bautar ƙasa ne da ya koyar da mu Turanci a sakandare. Da zai tafi ya bar shi cikin kwali, ni kuma na tsinta, ba bango, ƙarshensa ma gara ta cinye. Labarin wani yaro ne talaka a Amurka, can zamanin da kiɗan da suke kira rock and roll ya fara fitowa, manya na tsine masa, samari na hauka a kansa. Yaron ya iya kaɗa jita. Wani mai situdiyo ya tsince shi, ya sauya masa suna, ya saya masa baƙar kwat, kafin ka ce kwabo sai ga muryarsa a kowace rediyo. Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda yana tsakiyar waƙa ya tuɓe kwat ɗin ya jefa cikin taro, 'yan mata suka yi wawa suka yayyaga ta, kowace ta tafi gida da ƙyalle. Na karanta shafin nan har ya yi baƙi (da ƙamus a gefe, don rabin Turancin wuce ni yake yi).

Matsalar ɗaya ce: gidanmu gidan malamai ne. Mahaifina, wanda kowa ke kira Malam, yana da zaure inda magidanta ke ɗaukar karatun littattafai tun daga hantsi. A gidanmu ko fito ka yi Inna za ta ce kana kiran shaiɗanu, balle waƙa. Saboda haka duk abin da zan yi, sharaɗinsa kada ya kai kunnen Malam.

Abokina Murtala, mai rumfar cajin waya da tura waƙoƙi a tasha, shi ya naɗa kansa manajana ba tare da kowa ya roƙe shi ba. Ya kai ni wani situdiyo a Gusau. Jita dai ban gan ta ba, sai fiyano da kwamfuta, kuma kwamfutar ta yi ta gyaran muryata har ni kaina ban gane ta ba. Wannan ya yi mini daɗi, don in ni ban gane ba Malam ma ba zai gane ba. Na raɗa wa kaina suna Tsawa Boy. Murtala ya dinga cusa waƙar a wayar duk wanda ya kawo caji, ya nema ko bai nema ba, sannan ya zo ya ce mini ai ta karaɗe Bukkuyum. (Daga baya na ji cewa dawowa ake yi a ce ya goge.)

Ana nan sai ya samo mini wasa a wani biki a Anka. Na auna nisan, na ga ba wanda ya san fuskata a can. Na sayi baƙar kwat ta gwanjo mai kama da fata, mai nauyi kamar sirdin doki, na haɗa da baƙin tabarau. Na ce wa Inna zan raka Murtala biki, wanda kuma ba ƙarya ba ne.

Bayan la'asar aka kafa rumfa a ƙofar gidan amarya. Mata da 'yan mata a gefe guda, samari a tsaye, can bayansu kuma uban amarya, wani dattijo mai kwarjini da ake kira Alhaji Maiwada, yana zaune da 'yan'uwansa suna sallamar baƙi. Kafin ni wani tsohon makaɗin kalangu ya yi wasa. Ya wasa Alhaji, ya kira ubansa da kakansa, har Alhaji ya aika cikin gida aka ɗauko babbar riga aka yafa wa makaɗin a kafaɗa, mata suka rangaɗa guɗa. Da idona na ga wannan, kuma tun ina yaro na san shi: riga daga mai girma take tafiya zuwa ga maroƙi, ba ta taɓa juyowa. Amma kaina na Amurka.

Murtala ya raɗa mini a kunne, "In ka hau ka kira sunan Alhaji hwa, ko sau guda."

Na ce, "Yaron cikin littahi bai taɓa kiran uban kowa ba."

Aka saki waƙata a lasifika, na riƙe makirfo ina motsa baki ina karkaɗa ƙafa yadda littafin ya kwatanta. Ba wanda ya motsa. Wata tsohuwa ta tambayi ta kusa da ita, da ƙarfi, ko kunama ce ta shiga mini wando. Ga zafin bazara, ga kwat, gumi na bin bayana har cikin takalmi. Haushi ya kama ni: mutanen nan ba su san abin da aka kawo musu ba! Sai na ce bari in fito da babban makamin.

Tuɓe kwat ɗin ma sai da aka yi kokawa, don hannunta ya manne da gumi. Da ta fita na juya ta a sama, na saita 'yan matan, na wurga da dukkan ƙarfina. To wace 'yar mutunci ce za ta cafe rigar ƙaton da ba ta sani ba a gaban iyayenta? Darewa suka yi kamar an jefo maciji. Kwat ta wuce ta samansu, ta sauka a kan Alhaji Maiwada daidai lokacin da ya miƙe zai raka baƙo. Ta tuntsurar da hularsa ƙasa, ta lulluɓe masa fuska.

Mai kula da lasifika ya tsayar da waƙar. Alhaji ya janye kwat ɗin a hankali, ya ɗaga ta da yatsu biyu, tana ɗigar gumi.

Ya ce, "Ni anka jehwa ma riga? Roƙo niy yi? Ranar auren ɗiyata, gaban surukaina?" Ya waiwaya. "Wanga yaro ɗan wa na?"

Samarin gidan suka fara matsowa suna naɗe hannun riga. Wallahi da an bar su sun dake ni da ya fi mini sauƙi, don duka a Anka zai tsaya. Amma ina da manaja. Murtala ya fizge makirfo daga hannuna, bai duba ko a kunne yake ba, ya kwarara ihu har bayan unguwa: "Don Allah ku yi haƙuri! Ɗan Malam na, na Gummi! Mai zauren karatu na bakin kasuwa!"

Wata da watanni ina ɓoyo, ya tona ni da lasifika.

Alhaji ya ƙare mini kallo. Ashe a gaban kakana ya yi karatu, allonsu ɗaya da Malam suna yara. Ya naɗe kwat ɗin ya saƙala a hammata, ya ce a ƙyale ni in tafi.

Ban ƙara cin abinci da daɗi ba. Ranar da na fara cewa ƙila ya manta, da hantsi zaure cike da masu karatu, sai ga motarsa a ƙofar gida. Aka aiko in zo. Na durƙusa bakin ƙofa, kwat tana shimfiɗe a tsakiyar tabarma.

Alhaji ya ce, "Malam, godiya niz zo yi. Tun da nike ba a taɓa yi min kyautar riga bainar jama'a ba, sai ɗanka." Ya kwashe labari tas, har da karkaɗa ƙafar.

Malam bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Mi anka ce sunanka can?"

"Tsawa Boy."

"Tsawa mi?"

"Boy, Malam."

"Da na raɗa maka suna, rago niy yanka. Shi wanga wa yay yanka mai?" Ya ce, "To rera muna mu ji abin da yak kai ka Anka."

Na ɗauka wasa ne, sai na ga ya rufe littafinsa yana jira. Haka na durƙusa gaban dattawa masu furfura, ba fiyano, ba kwamfuta, na buɗe bakina na ainihi: "Zo mu girgiza, Hajara, zo mu girgiza, duniya ta mai rawa ce." Muryar ta fito kamar ta ɗan akuyan da aka ɗaure a rana. Wani magidanci ya cusa fuska cikin rawaninsa, kafaɗunsa na rawa. Sau uku ina tsayawa, Malam na cewa in ci gaba, sai da na kai ƙarshe.

Abin da ya biyo baya ne ya kashe ni. Malam, mutumin da manya ke durƙusa wa, ya sauko daga kan buzunsa ya zauna a ƙasa gaban Alhaji, ya ce, "Laihina na, ni ban koya mai ba. Ka yahe muna." Alhaji ya yi wuf ya kama hannunsa yana rantsuwa cewa komai ya wuce. Ni kuwa na so ƙasa ta tsage in shige. Ban taɓa ganin mahaifina yana roƙon kowa ba, sai ranar, kuma a kan kwat ɗin gwanjo.

Da ya koma mazauninsa ya dube ni ya ce, "Da murya gare ka, da na ce jarrabawa ta daga Allah, mu yi ta addu'a. Wagga ko asara ta kawai. Tashi ka kawo ma baƙo ruwa."

Alhaji bai bar kwat ɗin ba. Ya ce kyauta ba a mayar da ita, ya tafi da abarsa. An ce tana gonarsa a kan sanda tana korar tsuntsaye, kuma tana aikin da kyau.

Suna dai na samu, ba zan yi butulci ba. Daga Gummi zuwa Bukkuyum har Anka, in ka ce Mai Kyautar Riga za a nuna maka ni, kuma in na je ɗaurin aure dattawa kan dafe hulunansu su ce in wuce a hankali. Abin da na koya shi ne, in ka karanta yadda ake yi a garin wasu, kafin ka tuɓe taka rigar ka tsaya ka duba wanda zai durƙusa ya ba da haƙuri a madadinka.