Amsa ta Uku ta Tanimu Reza

Wani direban akori-kura ne a tasharmu, Tanimu, ana ce masa Reza saboda kaifin baki. A faɗarsa, ba a haifi wanda zai yi masa tambaya ya tsaya tunani ba. "Ni amsa a leɓena take kwana!"

Rannan aka gayyace shi shirin barkwanci na talabijin, irin wanda ake nunawa kai tsaye. To ashe shi wannan shiri ba a shigarsa da ka. Tun kafin ranar, mai shiryawa, wata Zinaru, ta zaunar da shi ta biya masa tambayoyin, ta biya masa amsoshin, har da inda zai tafa da mai gabatarwa. Gogan naka ya haddace tsaf, bi da bi, kamar karatun allo. Ya dawo tasha yana hura hanci.

"Ku dai ku kunna. Nan take zan riƙa ƙago amsoshin!"

Ranar shirin matarsa Uwani ta caɓa ado, aka zaunar da ita a layin gaba. 'Yan tasha kuwa suka yi cincirindo gaban talabijin ɗin mai shayi.

Tambaya ta farko, fes. Ta biyu, fes. Ta uku a kan tsohuwar motarsa aka tsara ta. Sai mai gabatarwa, Bashari, ya hango Uwani, ya ce bari ya yi mata kara, ya saki layi.

"Malam Reza, ga uwargida nan. Yaya zama da ita?"

Reza ko saurare bai yi ba, shi dai ya san an zo ta uku. Ya karkace hula.

"Ai wannan ta gama yawo! Da safe ba ta tashi sai an taru an tura. Ga ƙara, ga shan mai. Da zan sami mai saye, ko a kilo ne, yau zan rabu da ita!"

Wuri ya yi tsit. Zinaru ta ɗora hannu a ka. Reza ya ji shiru, ya zaci bai kai ƙarshen haddar ba, sai ya ƙarasa da ƙarfi: "A nan sai ka dakata mutane su yi dariya!"

Ai kuwa aka kwashe, har da masu kyamara. Mai shayi a tasha sai da ya ɓarar da madara.

Uwani ta miƙe tsam, ta gyara mayafi.

"Malam, in ka gama dakatawar ka same ni a gida. Ka ga dai na tashi, ba wanda ya tura ni."