Farashin Alhaji Abdulwahabu Mai Wa'adi

Duk wanda ya ce Gummi ba ta ci gaba ba, to bai taɓa gaisawa da Alhaji Abdulwahabu ba. Shi ne ɗan kasuwar da ya ɗauki shinkafar fadama ya hau da ita intanet. Tunda ya je taron bita na kwana biyu a Abuja ya dawo da jaka da tabarau, ya daina cewa "sayarwa", sai "harkar zamani". Mutanen kasuwa suka laƙaba masa Mai Wa'adi, ya ji daɗin sunan har ya buga shi a allon shagonsa.

Jarinsa kaf buhu sittin ne na shinkafa, kuma dole su fita kafin sabuwa ta shigo farashi ya faɗi. Sai ya ɗora hotonsu a Fesbuk, ya rubuta kuɗin buhu, ya ƙara da cewa farashin zai mutu bayan awa biyu.

"Ƙasashen da sunka ci gaba haka su kai," in ji shi. "Lokaci shi na mutunci."

Atiku, wani ɗan sari daga Adabka, bai ga saƙon ba sai da ya hau tudu ya sami sabis. Ya hayo babur, ya sha ramuka, ya iso jiƙe da gumi. Alhaji ya ɗaga hannu ya dubi agogo, a hankali, don jama'a su ga agogon.

"Malam Atiku, ka makara da minti tara. Wanga farashi ya mutu. Ka jira sabo ranar Laraba."

"Alhaji, ga ni ga shinkafa, mi za mu jira?"

"Tsari."

Atiku ya tsallaka shagon maƙwabci ya yi lodi. Haka ta faru da Hajiya Mardiyya mai abinci daga Anka. Ita kam ta zo kan lokaci, sai dai ta tsaya gaisuwa, ta tambayi Inna da yara da ciwon ƙafarsa, kafin ta gama wa'adi ya cika. Alhaji ya ce wallahi ya tausaya mata, amma ba ya iya saɓa wa kansa.

Wata huɗu ana haka. Farashi ya mutu ya tashi ya fi sau talatin, buhu ko ɗaya bai motsa ba. Da sabuwar shinkafa ta cika kasuwa, Alhaji ya ɗauki waya. Ya kira Atiku da kansa, ya ce ya yi masa alfarma ta musamman, wa'adin mako guda.

Atiku ya zo ya kwance bakin buhu, ya zura hannu, ya fito da shi baƙi ƙirin da ƙwari. Ya buɗe na biyu, haka. Ya kakkaɓe hannunsa a hankali.

"Alhaji, ai an riga ni. Waɗanga sun daɗe da saye, har sun tare da iyalansu."